Muƙamuƙin Yayan Likita

Litinin, 1 ga Satumba

Yau ƙanwata Auta ta tura takardunta. Asibitoci biyu. Tana neman gurbin horon ƙwarewa a tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska. Sai da na sa ta maimaita sunan kafin in rubuta shi a nan. Likitar haƙori ce tun tuni, amma ta ce wannan daban ne. Su ne masu haɗa fuska in hatsari ya farfasa ta, su cire ƙari daga muƙamuƙi, su ɗinke leɓen jaririn da aka haifa a tsage.

Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa tuli. Bara ta nema, ko kiran ta ba a yi ba. Ta ce in bana ma bai yiwu ba ta haƙura, za ta karɓi aikin asibitin kuɗin da ke ta bibiyar ta, ta yi ta cike ramin haƙori har furfura. Tana dariya ta faɗa. Na san irin dariyar nan tun tana 'yar mitsitsiya.

Ni kafinta ne, karatuna ya tsaya a sakandare. Ban san ta inda zan taimaka ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Asibitocin duka biyu sun kira ta intabiyu. Na farko farkon Oktoba, na biyu cikin Nuwamba. Inna ta kasa zama, ta yi ta zagaya tsakar gida tana addu'a.

Bayan la'asar Auta ta zo shago. Wai ni zan riƙa zama mata kwamitin tantancewa, tana gwaji a gabana. Na ce ni da ko sunan aikin sai da na rubuta?

Ta ce, "Yaya, ai ba amsa za ka bayar ba, tambaya kawai. Kuma in ka ɗaure fuskar nan ko farfesa albarka."

Da na gaya wa matata sai ta ce gaskiya ne, ita shaida ce, shekarun nan duka intabiyu take yi a gidan nan ba a gaya mata sakamako ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Mun fara. Na tsara abin yadda ya kamata. In na tashi aiki sai in share garin katako, in goge teburin aiki, in sa tabarau in zauna a bayansa. Ita kuma ta fita waje, ta ƙwanƙwasa, sai na ce shigo. Kujerarta ɗaya ce daga cikin na wani mai oda, ba a shafa mata fenti ba tukuna. Tana ce min "ranka ya daɗe." Ni kuma "Likita."

Ta kawo tambayoyin da aka saba yi. Na karatu ba ni da ta cewa, tana zubo su kamar famfo, ina gyaɗa kai kamar na gane. Inda take tangarɗa ɗaya ne: me ya sa kika zaɓi wannan fannin? Nan sai ta yi shiru, ta kalli ƙasa, ta ce, "Ina son sa ne kawai."

Wannan ba amsa ba ce.

Talata, 23 ga Satumba

Na rubuta mata amsa. Na yi gyara, na sake kwafewa da kyakkyawan rubutu. "Na zaɓi wannan fanni ne domin in bauta wa al'umma, in share hawayen marasa galihu," da sauransu. Ni kaina da na karanta sai da na ji wani abu.

Na ce ta haddace. Haka muka ci jarrabawa a zamaninmu, hadda, ba kame-kame. Na kuma ja mata kunne: komai aka tambaye ki kada ki ce ban sani ba.

Ta karanta, ta ce, "Yaya, ba ta yi kama da maganata ba." Na ce maganarki ai shiru ce. Ta ninke takardar ta sa a jaka. Ba ta taɓa musu da ni ba, yarinyar nan. Wani lokacin ina ganin da ta riƙa yi.

Juma'a, 26 ga Satumba

Ta nemi guntun fatar da nake yi wa kujeru rufi da ita. Ta tsaga shi da reza, ta fito da wata lanƙwasasshiyar allura da ɗan almakashi, tana ɗinkewa tana amsa tambayoyina. Ba ta ko kallon hannunta sosai. Kowane ƙulli daidai da ɗan'uwansa, kamar da tef aka auna. Na ɗauka na duba bayan ta tafi. Na ajiye a aljihun tebur, ban san dalili ba.

Ta nuna min a waya yadda suke haɗa karyayyen ƙashi. Wasu 'yan siraran ƙarafa masu huji, da ƙananan kusoshi. Na ce ashe kafintoci ne ku.

"Kafintoci ne mana. Katakonmu ne dai yake da 'yan'uwa a bakin ƙofa suna jira."

Talata, 7 ga Oktoba

Intabiyu na farko. Na rufe shago na raka ta. Wani dogon baranda mai warin magani, kujerun ƙarfe a jere, matasa cikin kwat kowa rungume da fayil. Wani na kusa da ni yana ta motsa baki yana bita. Na ce a raina, to, ashe ba mu kaɗai ba. Na ji daɗi a lokacin.

Ta daɗe a ciki. Da ta fito, sai da muka shiga mota ta ba ni labari.

Tambayoyin karatu sun tafi lafiya. Sai wata likita mai furfura ta tambaye ta dalilin zaɓen fannin. Auta ta fara, "domin in bauta wa al'umma," matar ta ɗaga hannu ta ƙarasa mata: "Ki share hawayen marasa galihu, ko? Tun safe kowa hawaye yake sharewa. Ke fa, me ya kawo ki?"

Auta ta ce kanta ya ɗauke wuta. Ba ta da komai a bayan haddar.

Na kalli waje har muka iso.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ba su ɗauke ta ba. Ni na rubuta amsar.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na ce mata ta nemi wani mai ilimi ya riƙa yi mata gwajin, ni na sauka. Ta ce ba a sauka, kwamitin bai karɓi murabus ba. Ko kalma ɗaya ta zargi ba ta yi min ba. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Saura guda ɗaya. Kuma su tsarinsu daban ne. Kowane mai nema zai gabatar da mara lafiya guda da ya sani sosai: hotunan fuska, hoton ƙashi, abin da ya same shi, da yadda za a gyara. Sharaɗi, sai mai fuskar ya yarda. Tana da wani mai kumburin dasashi da ta yi wa aiki. Ta ce ba laifi, amma irin sa kowa zai kawo.

Asabar, 18 ga Oktoba

Zan rubuta abin da ya faru yau yadda ya faru.

Ta ƙwanƙwasa, na ce shigo. Na sa tabarau. Na yi 'yan tambayoyi, sannan na zo kan waccan. Na ce, "Likita, me ya sa wannan fannin?" Ina jira in ji ko ta samo wata.

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina da wa."

Ta ba da labarina. A gabana, kamar ba na wurin. Yadda wan nata ya bar karatu ya kama sana'a bayan rasuwar mahaifinsu. Yadda katako ya zamo daga kan babbar mota ya same shi a haɓa. Asibitin da aka kai shi babu mai wannan aikin, aka naɗe masa kai da bandeji aka sallame shi. Ta ce ita ke riƙe masa kofi yana zuƙar madara da siririn bututu, tana 'yar firamare. Da aka kwance bandejin ƙashin ya haɗe a karkace, haƙoran sama da na ƙasa ba sa gamuwa.

"Kafin nan shi ya fi kowa dariya a gidanmu. Yanzu in zai yi sai ya sa hannu. Ba ya cin abinci a gaban baƙi. Ranar da aka nuna mana irin karayar a aji, malamin ya ce aikin safiya ɗaya ne. Na fita waje na zauna."

Ban san tana tunawa da kofin ba. Ban san ta lura da hannun ba. Na ɗauka gemu ya rufe komai.

Abin da na iya cewa kawai, "Lokacinki ya cika, Likita."

Ba ta tashi ba. Ta ce, "Yaya, ba farfesa nake tambaya ba yanzu. Ka yarda in gabatar da kai?"

Na ce a'a. Na ce fuskata ba allon makaranta ba ce. Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya.

Ta ce to. Ta mayar da kujera inda take, ta yi min sai da safe.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ta zo gwaji kamar kullum, da mai kumburin dasashinta. Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta yi bayani tsaf. Ni da ban san komai ba ma na ji babu gishiri.

Laraba, 22 ga Oktoba

Matata ta sani. Ban san wa ya gaya mata ba, ƙila fuskata. Tana ninke kaya ta ce, "Malam, wa kake ɓoye wa? Ni da wannan bakin na gan ka na ce na ji na gani. Har kana cewa gemu. Gemun ma ai ya bi karkatar."

Na ce ba ki gane ba. Wasu manya ne za su zauna su ƙura min ido, su yi ta nuni da sanda.

"Hotonka za su kalla. Kai kana nan kana fama da zarto."

Inna kuwa da na je gaishe ta ba ta ce in yi ko kada in yi ba. Cewa ta yi, "Babba, ka san lokacin nan ƙin cin abinci ta yi? Wai sai an ba ta nata a kofi irin naka." Sai ta koma zancen rufin ɗakinta da ke yoyo.

Talata, 28 ga Oktoba

Na kai wa Auta kujerar ɗakin aikinta da na gyara wa ƙafa. Ban taɓa ganin ta a bakin aiki ba sai yau.

Ina shirin fita aka shigo da wani mutum, direba ne, babba, ya rufe fuska da tawul. Hamma ya yi muƙamuƙinsa ya goce, baki ya ƙi rufuwa. Yawu na zuba, ba ya iya magana, idanunsa na ta yawo don kunya. Na san idanun nan. Abokinsa da ya kawo shi yana ta danne dariya.

Auta ta janye tawul ɗin a hankali. Ba ta kau da kai ba, ba ta kuma zare ido ba. Ta dube shi yadda nake duban ƙofar da ta ƙi rufuwa, ina neman inda ta cije. Ta ce, "Baba, ba komai, yanzu za ka koma yi wa fasinja faɗa." Ta zaunar da shi ya jingina kai da bango, ta naɗe manyan yatsunta da bandeji, ta sa su a kan turamen haƙoransa na ƙasa. Tana yi masa hira, tana tambayar abokin ko motar tasu na da birki. Ta danna ƙasa, ta tura baya. Ƙas.

Bakin ya rufu. Mutumin ya taɓa haɓarsa, ya fara godiya, ya so ya yi dariya, ta ce, "A'a, ƙaramar dariya dai yau. Hamma kuma sai ka tallafe haɓa."

Ta wanke hannu ta kira na gaba. Ko ta manta ina tsaye.

Wannan hannun ne zai ƙare a cike rami saboda ni ina jin kunya?

Laraba, 29 ga Oktoba

Na yi kuskuren awo a kan ƙofar kabad. Abin da ban saba ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na kira ta na ce ina ake ɗaukar hoton ƙashin. Ta ce, "Yaya, in don ni ce, ka bari. Zan iya da wancan." Na ce tambayar ki na yi ina ne.

Asabar, 1 ga Nuwamba

An ɗauka. Ka tsaya, ka ciji wata 'yar roba, na'ura ta zagaya kanka tana ƙara. Ba zafi.

Na ga hoton a jikin gilashi mai haske. Ban taɓa gani ba. Duk shekarun nan ina ɗaukar abin wata babbar musiba ce da ba ta da siffa. Ashe haɗi ne kawai da bai zauna ba, gefe ɗaya ya hau kan ɗaya. Da kujera aka kawo min haka, cewa zan yi a warware a sake.

Sannan ta zaunar da ni a kujerar marasa lafiya. Ta sa safar hannu. "Malam, buɗe. Rufe. Ciza. Nan da zafi?" Malam, wai. Ta auna buɗewar bakina da ɗan ma'auni. Wajen hotunan fuska ta ce za ta rufe idanun da baƙin layi, ba mai gane ni. Amma dole in yage leɓe haƙora su fito duka. Na yi. Hannuna ya taso da kansa, ta kama shi ta mayar kan cinyata.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Gwaji kullum. Yanzu farfesa yana zaune ana yi masa bayanin muƙamuƙinsa. Ta ce za a sake yanka ƙashin inda ya haɗe, a daidaita cizo tukuna, sannan a ɗaure da ƙarfe. Na tambaye ta in jijiyar leɓe ta taɓu fa? Ta ce tambaya mai kyau, ta rubuta. Ni tsorona na faɗa, ita ta ɗauka aikin kwamiti nake.

Ban rubuta mata ko kalma ɗaya ba wannan karon. Na janye dokar hana cewa "ban sani ba." Ta ce dama ba ta yi niyyar bi ba.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na raka ta. Wani barandan, irin kujerun. Ina zaune ina tunanin a bayan ƙofar can an haska bakina a bango, ya kai girman taga. Wani likita ya fito ya wuce, na sunkuyar da kai. Bai ko dube ni ba.

Ta fito da gumi a goshi, tana tafiya da sauri. Abin da na tsinta a mota, gutsi-gutsi:

Sun tambayi ko wane ne mai fuskar, ta ce wana ne, kuma da izininsa. Babban cikinsu, wani tsoho mai sanƙo, ya yi ta ja da ita a kan inda za a yanka. Ta tsaya a kan nata a wuri ɗaya, ta sallama a wani. Ya jefo wata tambaya ta ce ba ta sani ba, amma ta san wanda za ta tambaya. Ba wanda ya ce mata me ya sa kika zaɓi fannin. Ta ce ba su ga buƙata ba, ko kuma sun manta.

A ƙarshe tsohon ya ce, "To me ya hana a yi masa aikin har yau?" Ta ce, "Bai nema ba, ranka ya daɗe. Fuskarsa ce."

Ban san ko sun ji daɗin wannan ba. Ita ma ba ta sani ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Shiru. Asibitin kuɗin sun sake kiran ta. Ta ce su ba ta zuwa ƙarshen wata.

Talata, 25 ga Nuwamba

Ina cikin yanka katako na ji an ƙwanƙwasa ƙofar shago, alhali a buɗe take. Na juya. Tana tsaye a waje da waya a hannu.

Na ce shigo.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, an ɗauke ni."

Na ajiye zarto. Na ce madalla, Likita, kwamiti ya gamsu. Ita ta zauna a kan kujerar mai oda, wadda na shafa wa fenti da safe. Ba mu lura ba sai da ta tashi.

Lahadi, 14 ga Disamba

Ta tafi yau. Garin da nisa, horon kuma shekaru ne. Mun raka ta tasha ni da matata da Inna. Inna ta cika mata jaka da abin da ba za ta taɓa amfani da shi ba.

Kafin ta hau ta ce tsohon nan ya tambaye ta ina mai muƙamuƙin. Wai in yana so ya zo a duba shi, shi da kansa zai yi, don ba a barin mutum ya yi wa ɗan'uwansa aiki. Na ce ina da oda da yawa a gabana. Na dai tambayi kwana nawa mutum ke yi bai koma aiki ba. Don sani kawai.

Matata ta ɗauke mu hoto a gefen mota. Auta ta faɗi wani abu a kan fentin da har yau bai fita daga rigarta ba. Da muka dawo gida matata ta nuna min. Bakina a buɗe, haƙoran nan duka a waje, kowanne na kallon inda ya ga dama.

Na ce ai jakunkuna ne a hannuna, shi ya sa.

Ta ce in sake dubawa.

Jakunkunan suna ƙasa.

Ta ce ta goge? Na ce ta bari tukuna, Inna ta fito da kyau a ciki.